Gajiyar da kwanciya ba ta maganinta

Daga unguwar Ajame zuwa asibitin koyarwa na Tireshbil, inda sashen masu ciwon daji yake, tafiya ce ta ƙetare gada ɗaya a kan tafkin Ebriye. Amma matar da aka yi wa ƙarin ruwan maganin sankarar mama takan dawo gida kamar wadda ta yi dakan buhu guda. Gyalenta ma nauyi yake mata. Ta kwana goma a shimfiɗe, in aka ce ya jiki ta ce da sauƙi, alhali ko kofin shayi sai ta tallafe shi da hannu biyu.

Wannan gajiya daban take da ta ɗan dako a kasuwar Ajame, wanda barci ɗaya ke wartsakarwa. Cutar kanta na jawo ta, maganin na ƙara ta, haka gashin ciwon da ake yi a cibiyar Alasan Watara da aka buɗe a Kokodi a 2017. Ƙarancin jini ma na sa ta, shi ya sa ake fara gaya wa likita ya auna.

Mu kuwa, tausayinmu shi ne mu ce kwanta, kada ki taɓa komai. A nan nake ganin muke kuskure, don naman jikin da bai motsa ba saki yake yi. A 2017 Karen Mustian ta Jami'ar Rocesta a Amurka da abokan aikinta sun tattara bincike 113, suka tarar motsa jiki da horon tunani sun fi ƙwayoyin magani rage wannan gajiya. A 2024 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta ba da shawarar motsa jiki, da zama da masanin halayyar ɗan'adam, da horon natsuwa, da motsa jikin taici na Sinawa tun ana cikin shan magani, sannan yoga bayan an gama.

Horon natsuwar, wani masani Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a 1979, na mako takwas: mutum ya zauna, ya bi numfashinsa da hankali, in tunani ya sulale ya dawo da shi ba tare da jin haushin kansa ba. Wanda ya saba zama da carbi bayan sallar asuba ba baƙon irin wannan zama ba ne, ko da yake ibada daban, jiyya daban.

Tafiyar ƙafa ta fi kusa da aljihun kowa. Ma'aunin masana shi ne minti 30, sau uku a mako, amma ana iya farawa da biyar. A Ajame da rana ba wurin sa ƙafa, motocin haya na gbaka na ta hon, masu baro na turereniya. Sai da sassafe, kafin mai sayar da abincin garba ya ɗora mai a wuta, 'yar mai jinyar ta riƙe mata hannu su je bakin layi su dawo. Wanda ciwon ya taɓa ƙashinsa, ko yake fama da jiri ko zazzaɓi, sai likitansa ya amince tukuna.