Lambar Sirri Ba Ta Fita ta Waya

Kira zai shigo da murya mai ladabi: "Ranka ya daɗe, daga banki muke. BVN ɗinka ya samu matsala, za a rufe asusunka yau." Mai kiran zai faɗi cikakken sunanka, sai hankalinka ya kwanta. Can ya ce an turo maka wasu lambobi ta saƙo, ka karanto masa. Lambobin nan su ne OTP, waɗanda banki ke aikowa don ya tabbatar mai asusu ne da kansa ke fitar da kuɗi. Da ka karanto su, ka miƙa masa mabuɗi da hannunka.

Sanin sunanka ba hujja ba ne, domin duk wanda ya buga lambar asusunka a manhajar banki zai gan shi. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi PIN, ko OTP, ko lambobi ukun da ke bayan katin ATM. Jarin ɗan damfara gaggawa ce, shi ya sa yake ta cewa "yanzu-yanzu", kada ka samu sararin shawara da kowa. Katse kiran, ka nemi bankin ta lambar da ke jikin katinka, ko ka taka zuwa reshe. Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka saki kaya don an nuna maka alat a waya. Duba asusunka ka ga kuɗin sun zauna tukuna.

Masu alkawarin ninka kuɗi ma ba su daina ba. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Abin takaici, a Afrilun 2025 CBEX ta maimaita darasin. Ribar da ake ba na farko kuɗin na baya ne, ranar da sababbin shiga suka ragu sai ginin ya rushe. Kafin ka zuba ko naira ɗaya, bincika ko hukumar SEC ta yi wa kamfanin rajista.

Saƙonnin talla da ke damun mutane dare da rana kuwa, maganinsu na da sauƙi. Tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta tanadi lambar 2442: ka aika kalmar STOP zuwa gare ta, a toshe su. Idan kamfanin layinka ya yi kunnen ƙashi, ko yana cire maka kuɗin waƙar kira da ba ka nema ba, fara kai masa ƙorafi, in bai gyara ba ka kira NCC ta lambar 622, kyauta ne.