SO MAI SHIGOWA A HANKALI

'Yan'uwana mata, yau zancenmu na littafi ne. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ta riga ta, garin ya zama matattarar 'yan mata daga wurare dabam-dabam, kowace da irin abin karatun da ta ke so. Cikin abin da a kan yi aro hannu zuwa hannu har da littattafan soyayya na Turanci waɗanda marubuta Kirista su ke rubutawa. Wannan wani iri ne mai zaman kansa a Amurka da Kanada. Ba a sa batsa ciki, kuma kullum saurayi da budurwa sai sun nemi yardar Allah kafin su sami kwanciyar rai. Ɗaya daga cikin shahararrunsu shi ne Love Comes Softly, watau so a hankali ya ke shigowa. Wata mata 'yar Kanada, Janette Oke, wadda aka haifa cikin 1935, ita ta rubuta shi. Kamfanin Bethany House ya buga shi cikin 1979, ya sami karɓuwa har ta bi shi da wasu bakwai, aka kuma yi fim ɗinsa cikin 2003.

Ga yadda labarin ya ke. Wata yarinya ce mai suna Marty, shekararta 19, ta bi mijinta cikin keken doki zuwa yammacin ƙasar, neman wurin noma, zamanin da wurin duk daji ne. Isarsu ke da wuya doki ya kā da mijin, ya mutu. Ga ta da ciki, ba dangi, ba kuɗi, ba ɗaki, ga lokacin sanyi ya matso, sanyin da ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni. Ran da aka binne mijin, sai wani manomi, Clark, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, ya zo ya ce ta aure shi a ranar, don mai wa'azin da ke ɗaura aure zai wuce, ba zai komo ba sai sanyi ya fita. Na san matan Kurfi za su riƙe baki a nan, gama a wajen Musulmi mace sai ta gama takaba, mai ciki kuwa sai ta haihu. To, al'adar kowa dabam, kada wannan ya hana mu bin labarin.

Ta yarda, ba don tana so ba, sai don ba ta da inda za ta. Ta shiga gidan tana ƙinsa a zuci. Ba ta iya girki ba, kullum wainar fulawa, safe da dare. Ran da ta gwada burodi ya fito kamar dutse. Shi kuwa bai ce uffan ba. Wata dattijuwa maƙwabciya ce ta riƙa koya mata aikin gida, ita ce kuma ta faɗa mata cewa ba kowane so ne ke zuwa da ganga da algaita ba, wani sai ya zauna ciki tukuna mutum ya farga. Haka kuwa aka yi. Ta haifi ɗanta a gidan, ta shaƙu da 'yar mijin, ta fara sauraron karatun Littafi Mai Tsarki da ya kan yi kowace safiya, har ta ba da gaskiya. Da sanyi ya wuce, hanya ta buɗe, sai ta ga ba ta son tafiya.

Duk wadda ta ji wannan za ta ce, ai maganar iyayenmu ke nan. Sau nawa aka ce wa yarinya tana kuka, "Yi haƙuri ki shiga, in kin zauna kya so shi"? Lalle akwai gaskiya ciki, mun ga gidajen da aka fara da hawaye aka ƙare da jikoki da dariya. Amma fa ina roƙonku ku duba abin da Clark ya yi kafin son ya zo, don a nan ne zancen ya ke.

Tun ran farko ya bar mata ɗakin kwana, ya kwashe kayansa ya koma wata 'yar rumfa da ke jingine da gidan, cikin wannan sanyi. Ya kuma yi mata alkawari, in sanyi ya wuce ba ta ji daɗin zama ba, shi zai biya mata kuɗin komawa garinsu. Watau ƙofa a buɗe ta ke, ita ma ta sani. Bai tilasta mata kwana ba, bai tilasta mata addininsa ba, bai yi mata gorin abinci ba. Haƙurin da ke cikin littafin nan, mafi yawansa namijin ne ya yi shi. Mu kuwa a nan, in aka ambaci haƙuri a zancen aure, kowa ya san kan wa za a ɗora kayan. Saboda haka wanda ya ɗauki labarin Marty ya kafa hujja da shi don a tura yarinya gidan da ba ta so, ya karanta rabi ne ya bar rabi.

Marubutanmu na Hausa sun taɓa wannan magana, har sun fi shiga cikinta. Shekara guda bayan littafin Oke, cikin 1980, kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, labarin Boɗaɗo, Bafulatanar da ta kafe kan wanda ta ke so, ko da ya ke ba Bafulatani ba ne. Cikin 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? A ciki an cire Abu daga makaranta tana 'yar shekara 13, ɗan'uwanta da aka so ya aure ta ya ƙi, wai jahila ce, sai uban ya ba Sarkin Noma, tsoho sa'an kansa. Nan ma an ce ta yi haƙuri. So bai shigo ba, a hankali ko da gaggawa. Abin da ya shigo wahala ce, har ta gudu. Ba ta sami sukuni ba sai da ta koma ga karatu. Hajiya Balaraba ba ji ta yi a bakin wani ba, ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana wajen shekarun Abu. Ga kuma tamu ta jihar Katsina, Hajiya Bilkisu Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, wadda 'yan matan littattafanta su kan riƙe karatu da addini tare, su nemi mijin da zai girmama su.

In kun jera Marty da Abu, za ku ga duk biyun an kai su ɗakin wanda ba su zaɓa ba. Ɗaya an ba ta lokaci da mutunci da hanyar fita, ɗaya an kulle ta. Ƙarshensu kuwa ya bi yadda aka riƙe su.

Akwai inda ban gamsu da littafin Oke ba. Clark ya cika kirki ƙwarai, ba ya fushi, ba ya kuskure, irin mijin da sai a takarda. Yarinyar da ta ɗauka kowane mai shiru-shiru haka ya ke, za ta sha mamaki. Sa'an nan Marty ba ta da sana'a, ba ta da ko sisin kanta, daɗinta duka ya rataya ne ga halin mutum guda. Da ta faɗa hannun mugu fa? Littafin bai tsaya kan wannan tambaya ba, Hajiya Balaraba kuwa a kanta ta gina nata. Don haka ni dai, in 'yar makaranta ta tambaye ni, sai in ce ta karanta su biyun a jere, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Uwaye kuma, maimakon a ƙwace littafi a jefa murhu, gara a sa yarinya ta ba da labarin da bakinta bayan an ci tuwon dare, a tambaye ta, me ya sa wance ta zauna, me ya sa wance ta gudu? Daga amsarta za ki san abin da ke ranta game da aure, abin da kunya ba za ta bari ta faɗa miki kai tsaye ba.

Wadda ta gama aji uku na sakandare za ta iya karanta littafin Oke ba da wahala ba, ba shi da tsawo. Sai dai ku kula, 'yan mata: maganar mutanen cikinsa an rubuta ta ne da Turancin ƙauye na manoman wancan zamani, da gangan, haruffa a karye. Kada wata ta kwashe shi ta kai ɗakin jarrabawa, malami jan biro zai bi ta da shi.