Amsar Takardunku: Wasiƙun Fataken Fata a Kanada

Wani mai sauraronmu, dillalin fatu daga Sakkwato, ya aiko yana tambaya: shin Turawan da suka fara cinikin fata a Amurka ta Arewa, yaya suke sadarwa da iyayen gidansu, alhali babu waya babu rediyo?

To malam, da wasiƙa ne, amma wasiƙa mai bukatar haƙuri. A shekarar 1670 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba kamfanin Hudson's Bay izinin ciniki a arewacin ƙasar da yanzu ake kira Kanada. Abin da suka fi nema shi ne fatar biba, wata dabbar ruwa mai laushin gashi, wadda ake yin huluna da gashinta a Turai. Mutanen ƙasar, kamar ƙabilar Kiri, su ke kawo fatun, a ba su bindiga, tukunya, bargo, gatari da taba.

Ga inda wuyar take. Ƙanƙara kan toshe hanyar tekun mafi yawan shekara, saboda haka sau ɗaya tak jirgin ruwa ke zuwa daga Landan, wajen watan Agusta. Ya sauke kaya da wasiƙu, ya kwashi fatu da amsoshi, ya juya kafin ruwa ya daskare. Ka ga ke nan in wakili ya yi tambaya bana, sai baɗi zai ji amsa. In kuwa ya manta bai rubuta a aiko da albarushi ba, shi ke nan, cinikin shekara ya gurgunce.

Galibin wasiƙun ƙorafi ne, irin wanda kai ma ka sani a kasuwa. Wakili ya rubuta cewa bindigogi na fashewa cikin sanyi, masu fata sun raina kayan, suna cewa za su koma wa Faransawan Mantiriyal. Iyayen gida kuma su amsa da faɗa kan yawan kashe kuɗi. Ba da tsabar kuɗi ake lissafi ba. Kowane kaya ana ƙiyasta shi ne da adadin fatun biba.

Akawu kan kwafe wasiƙa a littafi kafin a aika, don jirgi na iya nutsewa. Wannan ya sa da yawansu suka tsira. A 1974 aka kwashe takardun daga Landan zuwa birnin Winifeg, inda suke ajiye har yau. Kamfanin kuwa ya rufe kantunansa a 2025.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.