Buhun Gida da Teburin Mai Shayi

Duk farkon zangon karatu, tashar Jibiya takan cika da samari da 'yammata masu komawa makaranta. Akwai 'yan Farfaru, akwai na Magama da Faru da Gurbi. Wasu sun nufi Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman a Katsina, wasu Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wasu kuma za su tsallaka iyaka ta Ɗan Isa su faɗa Maraɗi. Kusan kowannensu yana riƙe da ɗan buhun da aka ɗaure masa a gida: tiya biyu ta wake, garin gero, kuka da daddawa a ƙulle cikin leda, ƙuli-ƙuli, yaji, da man gyaɗa a gora. Uwa ta miƙa tana cewa, "Ungo ɗan nan, kada ka zauna da yunwa," shi kuma ya ce, "To Inna, Allah ya saka da alheri."

Bayan mako uku, ka leƙa ɗakin kwanan ɗalibai. Buhun yana ƙarƙashin gado, ƙwari sun fara huda waken, mai shi kuwa yana teburin mai shayi yana jiran a soya masa Indomie biyu da ƙwai ɗaya. Da safe bai karya ba domin lacca ƙarfe takwas ce. Da rana ya kora biskit da lemon kwalba. Ɗalibai har lissafi suke yi wa wannan zama, su ce yau 0-1-0 ake yi, wato babu na safe, akwai na rana, babu na dare. Ana faɗa ana dariya, amma jikin da ake yi wa dariyar shi ne zai zauna jarrabawa.

Ba za a ce babu matsalar kuɗi ba. Jibiya gari ne da ke numfashi da iyaka, kuma iyakar ta sha rufewa. An rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan aka cire tallafin man fetur, hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, ga kuma 'yan bindiga da suka raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa. Uban da a da yake cika wa ɗansa buhu, yanzu rabi yake iya yi. Ɗalibin da ya samu bashin karatu na NELFUND kuwa, naira 20,000 ake ba shi a wata, wanda bai kai naira 700 a rana ba.

To amma wannan lissafin ma buhun gida yake goyon baya. Kuɗin da ake kashewa a zama ɗaya wurin mai shayi zai iya dafa wake da shinkafar da za ta riƙe mutum wuni guda. Abin da ke raba ɗalibi da buhunsa abu biyu ne a ganina: ƙarancin lokaci, da wata kunya ta rashin dalili, wadda ke sa yaro ya ga kamar dama kunun gero a gaban 'yan birni ƙauyanci ne.

Bari mu buɗe buhun mu gani. Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata, kuma wani kaso na waken Nijar ta wannan hanya ta Maraɗi zuwa Jibiya yake shigowa. Wake yana da sinadarin gina jiki wanda bai cika shi kaɗai ba, hatsi ma haka, amma abin da ɗaya ya rasa yana wurin ɗayan. Shi ya sa garau-garau da ɗan wake da koko da ƙosai suke abinci na ƙwarai, ko babu nama a ciki. Sannan wake yana daɗewa a ciki, yana sakin ƙarfinsa a hankali, ba kamar farin burodi da shayi mai sukari ba, waɗanda ke ɗaga mutum na ɗan lokaci su sake shi yana hamma a tsakiyar lacca. Gero yana da sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini fiye da farar shinkafa. Ƙuli-ƙuli kuwa, da aka matse mansa, abin da ya rage yawanci mai gina jiki ne. Kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa, da ƙuli da albasa da tumatir, ba ya buƙatar wuta idan an sayi dafaffen ganyen, kuma ba ya cin minti goma.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum. Mutum ya ji haka sai ya tuna tuffa da inabin kanti, ya ce wannan na masu kuɗi ne. Alhali gwaiba da mangwaro da kankana a lokacinsu, karas da yalo da kokwamba na masu baro a bakin ƙofar makaranta, duk suna cikin lissafin. Mu da muke da dam a Jibiya da masu noman rani, bai kamata a ce ganye ya zama mana baƙo ba.

Ita Indomie ba guba ba ce, kuma ba na cikin masu tsine mata. Matsalarta ita ce fulawa ce da mai da gishiri, ba ta da wani abin kirki bayan wannan. Gishirin da hukumar lafiyar ta ce kada a wuce a rana bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ƙullin ɗanɗanon da ke cikin leda biyu yana cinye babban rabon wannan kafin a zo ga dunƙulen magi da mai shayi zai ƙara. Hawan jini ba ya jiran tsufa, tun yanzu ake aza masa tubali. Idan ta kama dole a ci, a zuba rabin ƙullin, a yanka kabeji ko karas da albasa, a sa ƙwai. Lemon kwalba mai santilita 50 kuwa yana ɗauke da sukari kusan giram 50, wanda shi ne iyakar abin da aka yarda babba ya sha a wuni. Zoɓon da mutum ya haɗa da kansa, da ɗan sukari kaɗan, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Saura lokaci, wanda shi ne ainihin kukan. Wake na cin wuta, gas kuma ya yi tsada. Dabarar ita ce a jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan, sai ya nuna da wuri kuma ya rage kumburin ciki. A rage kanwa, domin tana saurin nunar da wake amma tana kashe wasu bitamin da ke cikinsa. Wake na kasuwa a wanke shi sosai, wanda yake warin magani kuma a bar shi, don an sha kama masu zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda irin wannan. Na gida da aka san inda ya fito ya fi kwanciyar hankali. Garin kunu kuwa ruwan zafi kawai yake so: a tafasa ruwa da asuba a zuba a fulas, a dama, a jefa ƙuli a aljihu, an karya ke nan kafin a kammala shiri.

Na ga wani tsari a wani ɗaki na samari huɗu wanda ya burge ni. Sun haɗa buhunansu wuri ɗaya, sun manna jadawalin girki a bayan ƙofa kusa da na lacca. Wanda ba shi da darasi da rana shi ne mai tukunya a ranar. Ƙaramar tukunyar gas ɗaya, kula babba ɗaya, da tire da suke zagayewa bayan Magariba. Kowa girki sau ɗaya ko biyu yake yi a mako, amma kullum yana cin dafaffe. Ɗaya daga cikinsu, da aka tambaye shi ko ba ya jin nauyin a gan shi yana tsince wake, cewa ya yi, "Yallaɓai, wanda ya yi mini dariya da rana shi ne yake zuwa da cokalinsa da dare." Abin lura kawai, inda babu firij kada a bar dafaffiyar shinkafa ta kwana a kula a ci da safe. Akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a cikinta, wadda ɗumamawa ba ta kashe dafinta.

'Yammata suna da ƙarin dalilin kula. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Alamominsa su ne kasala da jiri da kasa riƙe karatu, abubuwan da ɗaliba za ta ɗora wa gajiya. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, don haka a raba shi da lokacin cin wake ko ganye da kamar awa ɗaya. Lemon tsami da tumatir da gwaiba kuwa taimakawa suke yi. Hanta ko da sau ɗaya a mako, ko soyayyar fara a lokacinta, suna da amfani. Fura da nono abinci ne cikakke, in dai an dafa madarar kafin ta zama nono kuma ruwan damun mai tsabta ne. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, har da Katsina.

Sai olsa, wadda kusan kowane ɗalibi ke cewa ya kamu da ita saboda yunwa. Zama da yunwa yana tayar da ciwon, amma yawanci ba shi ne tushensa ba. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce a cikin tumbi take haddasa mafi yawansa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Wani sanadin kuma shi ne magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kemis a haɗiya ciki babu komai. Mai fama da zafin ƙirji ya je asibitin makaranta a gwada shi, domin ana warkewa idan aka sha maganin da ya dace, maimakon a shekara ana kurɓar madara.

A makon jarrabawa ne komai ke rushewa. Ana daina girki, a koma lemukan ƙara kuzari da kofi da goro don a kwana karatu. Sinadarin da ke hana barcin yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda ya sha ƙarfe goma na dare, ko ya kwanta ƙarfe uku barcin ba zai yi nauyi ba, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Gara a tanadi dabino da aya da soyayyar gyaɗa tun kafin makon ya zo, a zubar da duk ƙwayar gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci, a ajiye gorar ruwa a kan tebur, 'yan ɗaki kuma su gyara jadawalin tukunya ya bi na jarrabawa, wanda ya fito da wuri ya ɗora.