Ɗan Hakin Da Ka Raina: Abin Da Ke Ci Wa Masu Wasan Waya Tuwo A Ƙwarya

Duk wanda ya ratsa Zangon Kwatano ko unguwar Houéyiho bayan sallar isha'i, zai tarar da samarinmu jingim a bakin shaguna, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa, yatsu na ta aiki. Can sai ka ji ɗaya ya yi tsaki ya dafe kai. Ko ba ka tambaya ba, an harbe shi ne, kuma rantsuwa zai yi maka cewa shi ya fara harbi. Mu da muka tashi da langa da dara muna iya ɗaukar abin shirme, amma wanda ya zauna da yaran nan zai gane kukansu yana da tushe.

Wasannin da suka fi tashe a hannunsu ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017, inda ake zuba mutum 50 a tsibiri guda har sai ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. Akwai PUBG Mobile na 2018 mai ɗaukar mutum 100, da Call of Duty: Mobile na 2019, sa'an nan ga ƙwallon ƙafa na eFootball. Dukkansu da mutane na gaske ake karawa, wasu a Legas, wasu a Alkahira, wasu a Turai.

To, babbar matsala ita ce jinkiri, wato abin da suke kira ping. Idan yaro ya danna harbi, saƙon sai ya tafi wurin babbar kwamfutar da ke alƙalancin wasan, sa'an nan amsa ta dawo. Haske a cikin wayar gilashi ta ƙarƙashin teku yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Idan kwamfutar tana nisan kilomita 5,000, kamar tsakaninmu da Turai, zuwa da dawowa kaɗai zai ci kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, alhali kuwa wayar ba miƙe take ba, bakin teku take bi tana tsayawa tasha-tasha. Saboda haka a aikace abin yakan wuce 100. Shi kuwa abokin karawar da ke zaune kusa da kwamfutar, nasa bai fi 20 ko 30 ba. Ka ga ke nan yaronmu bai yi ƙarya ba: a kan allonsa shi ya fara harbi, amma a wurin alƙali ya makara.

Ƙasarmu ta daɗe tana rataye da igiyoyi ƙalilan. Wayar SAT-3 da ta fara aiki a 2002 tana sauka a nan Kwatano, kuma da ta lalace a watan Yulin 2009, Benin da Togo da Nijar da Najeriya duk sun ji a jikinsu. Daga baya wayar ACE ta ƙaru. Duk da haka, ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu suka samu matsala lokaci guda a tekun Kodebuwa, har da waɗannan biyun, intanet ta koma tafiyar hawainiya a yankin nan. Abin farin ciki shi ne sababbin igiyoyi suna ta isowa maƙwabta, kamar Equiano ta kamfanin Google da ta sauka Lome da Legas a 2022.

Na biyu shi ne kuɗin data. Wasan kansa ba ya cin da yawa, sabuntawa ce ke zuƙe ta. Yaro ya tara ɗan abin da ya samu wajen dako a kasuwa ko gyaran zemijan, ya sayi data, ya buɗe wasa, sai a ce masa ba shiga sai ya sauke sabon salo mai ɗaruruwan mega. Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da gwamnati ta ɗora harajin dala guda, wato sefa 5, kan kowane mega na shafukan zumunta, matasa suka yi ca, aka janye shi a watan Satumba na shekarar. Wannan ya nuna yadda mega ke da tsada a idon talaka. A nan kam masu wasannin sun yi gyara mai amfani: yanzu akan raba kayan wasa kashi-kashi, mutum ya sauke filin da yake so, ya bar sauran har sai ya samu hali.

Na uku, yankewa ana tsakiyar fafatawa. Kira ya shigo, ko wuta ta ɗauke, ko layi ya yi rauni, sai a wurgo ka waje, abokanka uku su rage suna fama. Da yawa daga wasannin sun ƙara damar komawa fagen da ka baro muddin ba a kashe ka ba. Ƙaramin gyara ne, amma ya kashe rigingimu da yawa tsakanin abokai.

Na huɗu shi ne harshe. Akwai Faransanci da Ingilishi da Larabci a cikinsu, Hausa kuwa babu. Idan aka haɗa ɗan Zango da wanda ba su jin maganar juna, sai a yi ta kame-kame, wani lokaci har da zagi. A 2019 wasan Apex Legends ya shahara da wata dabara: ka nuna wuri da alama, abokinka ya gane akwai maƙiyi ko makami a can, ba tare da ka ce uffan ba. Wasu wasannin suka kwaikwaya. Haka nan akwai maɓallin toshe bakin mai zagi da na kai ƙararsa, kuma ya kamata yaranmu su san da su.

Sai dai akwai abin da babu kamfanin da zai gyara mana. Wasan da ake yi da mutane ba ya tsayawa don an kira salla, kuma wanda ya fita akan rage masa maki. Nan ne iyaye da 'ya'ya suka fi samun saɓani. Maganin kuwa a hannunmu yake. Zagaye ɗaya na Free Fire yakan ci kimanin minti 10, na PUBG Mobile yakan kai rabin awa. Wanda ya san saura kaɗan magariba, to kada ya shiga dogon. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan na'ura cikin jerin cututtuka a 2019, amma ma'auninta shi ne wasan ya danne sauran al'amuran rayuwar mutum, ba wai taɓa shi kawai ba.

Dalilin da ya sa muka damu da waɗannan ƙananan abubuwa shi ne, mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan. Yaranmu Faransanci suke yi a lakkol, Fon a titi, Hausa sai a gida. Amma idan suka haɗa ƙungiya da 'yan'uwansu na Paraku, Gaya, Yamai ko Kano, suka buɗe murya, Hausa zalla za ka ji. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, zumuncin da aka ce a ƙafa yake ya yi wuya, amma wannan kafa ba ta toshe ba. Duk lokacin da layi ya yanke, hira ce tsakanin dangi ta yanke.

Saboda haka muna kira ga iyaye su zauna su ga abin da yaran ke yi kafin su ƙwace waya, su kuma lura da masu sayar da lu'ulu'un wasa ta kuɗin waya, don akwai macuta a cikinsu. Ku kuma samari, ku ba salla da karatu da sana'a haƙƙinsu, wasa ya biyo baya. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.