Kafin ka ɗauro abarba daga Kwatano, ka nemi takardun nan biyu

Da yawa daga cikin masu fataucin kayan marmari sun ɗauka cewa idan an gama da kwastan, an gama da gwamnati. Alhali duk ɗanyen ɗan itacen da zai ƙetaro iyakar Najeriya, abarbar Jamhuriyar Benin ce ko ayabar Kamaru ko mangwaron wata ƙasa, sai ya bi ta hannun hukumar killace kayan noma ta ƙasa, wato NAQS. Ita ba ruwanta da kuɗin fito. Abin da take dubawa shi ne ko kayan sun ɗauko ƙwari ko cutar da za ta iya faɗa wa gonakinmu.

Takarda ta farko ita ce izinin shigowa da kaya, kuma NAQS ce ke bayarwa. Ana nemansa tun kayan ba su baro ƙasarsu ba, domin a ciki ake rubuta irin ɗan itacen, da ƙasar da zai fito, da sharuɗɗan da za a cika. Ta biyu ita ce shaidar lafiyar tsirrai, wadda hukumar kare amfanin gona ta ƙasar da aka sayo kayan ke bayarwa bayan jami'anta sun duba su. Rasit ɗin mai gona ko wasiƙar dillali ba sa maye gurbinta. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, wadda Najeriya da maƙwabtanta ke ciki.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne batun ECOWAS. Gaskiya ne tun 1979 ƙungiyar take da tsarin da ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gonar da aka noma a ƙasashenta. Sai dai haraji kaɗai aka yafe. Takardar lafiya tana nan daram, kuma jami'in da ya tambaye ta a Seme ko Idiroko ba zalunci ya yi ba.

Wani zai ce mene ne abin tsoro a kwandon mangwaro? Akwai wani ɗan ƙuda ɗan asalin Asiya da aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Macen tana huda fatar mangwaro ko gwaiba ko lemo ta zuba ƙwai a ciki. Daga waje ɗan itacen sumul yake, mai saye ba zai ga komai ba, a ciki kuwa tsutsotsi ne ke cin tsokar. Idan ya ruɓe aka watsar da shi a bayan kasuwa, sai tsutsotsin su shige ƙasa, su fito a matsayin sabbin ƙudaje, su nufi lambun da ya fi kusa. Saboda wannan ƙudan ne ake lalata mangwaron Afirka ta Yamma a tashoshin Turai. Shi ya sa masana ke cewa a binne ruɓaɓɓen kaya a rami mai zurfi, ko a ƙulle shi a baƙar leda a ajiye a rana har tsutsar ta mutu. Manomin tumatir a Kano da Kaduna ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya ga abin da wata baƙuwar tsutsa ta yi wa gonarsa a 2016.

Haka ma akwai haɗari a aikin masu cusa irin dashe a cikin kaya don sun ga ayabar wata ƙasa ta fi girma. Cutar da ke tsumburar da ayaba, wadda ta ɓulla a Jihar Ogun, ta hanyar 'ya'yan dashe take tafiya mai nisa. Ganye da ƙasar da ta manne wa kaya su ma abin tuhuma ne.

Mai shigowa da kaya ta jirgin ruwa ko na sama yana da ƙarin aiki: rajistar kamfani, lambar haraji, da buɗe Form M a banki kafin kwastan su fitar masa da takardar ƙiyasin kaya. 

Idan takardu ba su cika ba, hukuma na iya tsare kayan, ko ta sa a yi musu magani, ko a mayar da su, ko a lalata su, kuma mai kaya ne zai ɗauki asarar. Ga shi kayan gwari ba sa jira: kwana kaɗan a rana a bakin iyaka sun isa su cinye uwar kuɗi.

Don haka ya kamata shugabannin kasuwanni irin su 'Yan Lemo ta Kano su riƙa gayyatar jami'an NAQS su yi wa 'yan kasuwa bayani. Kai kuma Alhaji, kafin ka tura wa ejan ko dillali kuɗi, ka ce ya nuna maka takardun nan biyu, ka tabbatar irin kayan da yawansu sun yi daidai da abin da ke cikin motarka.