Ɗan Masanin Kano da sana'ar iya baki: Abubuwan da ya kamata ka sani

Me ya haɗa shi da Fagge da Sabon Gari?

Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ɗan cikin birni ne, an haife shi a 1929. Amma mai son gane amfanin ladabinsa sai ya fito ta Ƙofar Mata ya leƙa waje. Fagge tun asali zangon raƙuman Azbinawa ce. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka yanka wa baƙi 'yan Kudu bayan isowar jirgin ƙasa. Unguwanni biyu maƙwabta, harshe daban, addini daban, ciniki ɗaya.

A watan Mayun 1953 zaman ya ɓaci. Kafin nan, ɗan majalisa daga Kudu Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman a ba da mulkin kai a shekarar 1956, wakilan Arewa suka ce da sauran lokaci, aka yi musu ihu da baƙar magana a Ikko. Da ɗan siyasar Kudu Akintola ya shirya zuwa Kano yawon siyasa, faɗa ya kaure tsakanin Fagge da Sabon Gari, hukuma ta ƙirga gawa 36. A lura, da zagi aka fara, adda daga baya ta fito. Wannan tarzoma na cikin abin da ya sa aka koma tsarin tarayya a 1954, kuma a shekarar ce Maitama, malamin Midil ta Kano, ya shiga majalisar tarayya.

Daga ina ya samo harshen?

Mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano, kuma shi kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba. Da bakinsa yake faɗa a gaban manya. Yaron da ya tashi a zauren sarauta yakan koyi yadda ake gaya wa babba gaskiya ba tare da an kunyata shi ba. Ya yi Elemantare ta Shahuci, da Midil, da Kwalejin Kaduna. Ga son wasan kwaikwayo, wanda ya koya masa inda ake ɗaga murya da inda ake yin shiru.

Kada a neme shi a kantin littattafai. Talifinsa a baki yake, a jawabai da hirarrakin rediyo, da Hausa da Turanci, kuma kusan kullum batu guda yake zagaye: adalci.

Ina cinikin yake?

Bai buɗe rumfa a Kantin Kwari ba, amma hajar da aka damƙa masa ta fi atamfa nauyi. Daga 1959 zuwa 1966 shi ne ministan ma'adinai da wutar lantarki, jim kaɗan bayan ɗanyen mai ya fara fita waje ta hannun Shell-BP. A zamaninsa aka soma aikin madatsar Kainji a 1964, matatar Fatakwal ta fara aiki a 1965. Zama da kamfanonin Turawa ciniki ne sak: taya, albarka, a ƙara, a sallama. Duk dillalin Kwari ya san wanda ya fusata a tsakiyar ciniki shi ke tashi da asara.

Jakadanci

A 1976 ya zama kwamishinan sauraron koke-koken jama'a na tarayya. Ya nemi jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, Shehu Shagari ya yi nasara. Nan ne, a ganina, aka auna shi da gaske, domin ladabin wanda ya ci zaɓe ba abin mamaki ba ne. Bai fice daga jam'iyya ba, bai hau mumbari yana tone-tone ba. Da Shagari ya hau mulki ya tura shi wakilci a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Aiki ne na ce wa azzalumi azzalumi a gaban ƙasashen da ke ciniki da shi, ba tare da an rufe ƙofar zama ba.

A 1983 aka dawo da shi ministan gyaran tarbiyyar ƙasa. Kujerar ba ta yi ɗumi ba soja suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba.

Inda ladabi ya gaza

Masu yabonsa sukan tsallake wannan. Jam'iyyarsa ta jamhuriya ta farko, NPC, ita ce mai mulki lokacin da 'yan adawa na NEPU ke shan ɗauri da bulala a kotunan En'e, kuma daɗin bakin minista bai buɗe gidan yari ba. Haka a 1966 jini ya sake zuba a Sabon Gari, 'yan ƙabilar Ibo suka tattara suka tafi. Tattausan lafazi na ɗaiɗaikun mutane ba ya maye gurbin hukuma mai adalci, kuma wannan ne abin da shi kansa ya yi ta nanatawa da ya tsufa.

Abin da ba a musu a kai shi ne zamansa da Malam Aminu Kano, jagoran NEPU. Sun kara a akwatin zaɓe, suna jam'iyyu masu gaba da juna, amma har ƙarshen rayuwarsa da girmamawa yake ambaton Malam.

Shekarun ƙarshe

Idanunsa sun tafi, baki ya saura. Ana riƙo hannunsa a kai shi gaban lasifika, ya yi jawabi mai tsawo ba takarda, shugabanni na zaune suna jin nasu rabon na nasiha. Ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yulin 2017, aka kawo shi gida aka yi masa sallah a fadar Sarkin Kano.